Mutum Huɗu a Baya

A tasha, rediyon mota ya gama labarin wani hukuncin kotu. Direba ya leƙo wajen dattijuwar da ke kujerar baya.

"Mama, alƙalan nan sun yi son rai. Tsarin mulki abin da aka rubuta ne, ba ƙari ba ragi."

"Ɗan nan, zamani yana canzawa. Manufar masu rubutun ake dubawa."

"Ko kusa, rubutu ya gama magana. Matsa kaɗan, na biyar zai shiga."

"Ga shi jikin ƙofarka an rubuta mutum huɗu a baya."

"Haba Mama, wanda ya rubuta wannan bai san mai zai yi tsada haka ba."

"To, na dawo ra'ayinka na farko. Ba inda zan matsa."