Hannun Mai Ganga

A ɗakin jiran likita, yatsun wani dattijo suna ta ƙwanƙwasa benci, har matar da ke gefensa ta gaji.

"Bawan Allah, asibiti muka zo ko gidan rawa?"

"Yi haƙuri, baiwar Allah, hannun ne ba ya jin maganata. Makaɗin jaz ne ni, shekara arba'in a bayan ganguna."

"Ashe da babban mutum nake zaune! Ya aka yi ban san fuskarka ba?"

"Mai ganga a baya ake ajiye shi. In mai busa ƙaho ya kuskure, a ce salo ne. In ni ne, a ce tsufa. Yanzu takardar likita suke so, ko su ba wani kujerata."

"Kai me ka ce musu?"

"Na ce sandunan ne suka yi nauyi."

"Madalla. Maigidana tela ne. Shekara biyu yana zagin almakashi, wai ya dakushe."

Dattijon ya juyo da sauri.

"Ya warke?"

"Ni ke yanka yanzu. Almakashin kuwa lafiyarsa ƙalau."