Wanda Ya Koya Mana Ƙirga Daga Sifili

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban jami'a, shugaban sashen fiziks, malamanmu, Baba da Mama iyayen marigayi, 'yan'uwansa, abokan karatu, sannunku da haƙuri.

An zaɓe ni in yi magana don ni ne abokin aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake haɗa ɗalibai biyu-biyu. Ku gafarce ni idan muryata ta fito ba rai. Tun ranar da aka faɗa mana rasuwarsa, ina ci, ina zuwa aji, amma ban ji komai a raina ba tukuna.

Mama, jiya kin riƙe hannuna kika ce: "Ni na matsa masa ya yi wannan karatu. Ya so shi kuwa?" Yanzu zan gwada ba ki amsa.

A farko bai so ba. Gwajinmu na farko, ƙwallon ƙarfe ne a rataye da zare. Ɗaya ya sake shi ya ƙirga lilonsa, ɗaya ya riƙe agogo. Muka yi ta yi, amsarmu na fitowa a karkace, shi kuwa yana ta mita, wai an raba shi da barci don wasan yara. Can sai ya ce: "Kai, muna sakin ƙwallon muke cewa ɗaya, alhali bai je ko'ina ba. Sifili za mu ce." Muka sake. Amsa ta fito daidai. Daga ranar ajinmu ya raɗa masa Sifili.

Ya kasance mai sunkuyawa har idonsa ya daidaita da ma'auni kafin ya karanta. Ya kasance ba ya gyara sakamako don ya burge malami. Ya kasance idan ya ga sababbin ɗalibai sun rikice da wayoyi, sai ya ja kujera ya zauna tare da su, ko da yunwa na cinsa.

Wata rana muna naɗe wayoyi, ya ce da ni: "Na fara son abin nan fa. Amma kada ka gaya wa Mama, za ta ce ai ta faɗa."

Mama, kin faɗa.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanyaya zuciyar mahaifansa. Amin.