Tsagar Kaka a Fuskokin Baƙi

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Alheri. Kun saba ganina a kujerar baya, ba na magana. Amma yau sai na faɗa.

Ɗaki ɗaya muke kwana da Kaka a gidanmu na unguwar University Heights, nan ƙasar Turawa. Tun ina ƙarama na haddace fuskarta: tsaga uku-uku a gefen baki, da wata doguwa a kumatun hagu wadda ta ɗan karkace, domin ta motsa lokacin da wanzami yake yi mata. Babu mai wannan karkacewar sai ita.

Yayata Rifkatu tana jami'a a wajen gari. Bara ta nemi shiga wata ƙungiyar 'yan mata, irin masu gidan kansu, waɗanda sai sun gwada mutum kafin su karɓe shi. Wata Asabar Mama ta ba ni dambu a kula in kai mata. Ban kira ta ba, na so in yi mata ba-zata.

Da rana tsaka na isa gidan ƙungiyar. An rataya ganyen roba da ƙasusuwan kaji a ƙofar gidan. Ashe fati suke yi, a jikin kwali an rubuta sunansa da Turanci: Mafarauta da Matan Daji.

Na shiga. Samari sun sa hular mafarauta, kowa riƙe da igiya. Ƙarshen kowace igiya yana ɗaure a hannun wata budurwa. 'Yan matan Turawa ne, amma sun shafe fuskokinsu da baƙin abu, wuyansu fari fat.

Sai ɗaya ta juyo. Tsaga uku-uku a gefen baki. Doguwa a kumatun hagu, a karkace.

Wata ma ta juyo. Ita ma haka. Ta kan matakala, ta bakin taga, dukansu! Gida cike da fuskar Kakata, da shuɗin ido, suna ta dariya.

Wata ta matso kusa da ni ta ce, "Kai, naki ya fi na kowa kyau! Wa ya shafa miki?" Ta goga babban yatsanta a kumatuna, sannan ta duba yatsan. Da ta ga babu komai, sai ta wuce.

A kicin na sami Rifkatu. Ta jingina wayarta da kwalbar lemo, hoton Kaka a kai, tana zana wa wata yarinya tsaga da fensirin gira.

"Alheri! Wa ya aiko ki?"

"Yaya, Kaka ce fa."

"Wasa ne kawai. Cewa suka yi in kawo zane na gaskiya in ina so su karɓe ni. Don Allah kada ki gaya wa Mama."

Na ajiye kular na fita.

Daga ranar tsoro ya shige ni. A jirgin ƙasa, in na dubi gilashin taga, sai in ga tsagar tana fitowa a fuskokin mutanen da ba su da ita. A gida kuwa na kasa kallon Kaka. Ina ɗaga ido sai in ji dariyar nan. Na koma miƙa mata shayi kaina a sunkuye.

"Ƙawata," in ji ta, "na yi muni ne, ko kin samo sabuwar kaka a makaranta?"

Na juya na fita daga ɗakin. Bayan 'yan makonni na lura da wani abu: da ta ji motsina a ƙofa, sai ta ja mayafi ta rufe kumatunta. Tsohuwar da ba ta taɓa jin kunyar fuskarta ba! Ni na jawo mata haka.

Wata Lahadi bayan sujada na kasa riƙewa. Na durƙusa a gaban gadonta na faɗa mata komai, ina kuka, idona a rufe.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Da fensir? Ni da aska aka yi mini, su da fensir?" Ta kama hannuna ta ɗora a kumatunta ta fara addu'a: "Ya Yesu, kai ma kana da tabo a hannu, ba ka ɓoye shi ba. Ka buɗe wa yarinyar nan ido."

'Yan'uwa, a ƙarƙashin yatsuna tsagar tana da zurfi, tana da ɗumi, tana motsi da maganarta. Dariyar da ke kunnena ta ɗauke ɗif. Na buɗe ido na ga Kaka, ita kaɗai, idonta jajir da hawaye. Halleluya!

A ranar ta sa na kira mata Rifkatu. Cewa kawai ta yi, "Mai zane, zo gida ki duba na gaskiya da kyau."

Ga Yaya Rifkatu can a layi na biyu, ta bar gidan ƙungiyar. Ga Kaka kusa da ita, mayafinta a kafaɗa.

Na gode wa Ubangiji. In akwai wanda tsoro ya sunkuyar masa da kai a nan, ya kai wa Yesu. Ni ya ɗaga mini nawa. Amin.