Bakanike Ya Liƙe Min Fitilar Mota

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Daga nan Garwa nake rubuto maka, hankalina a tashe.

Makon jiya wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar sifana ta kama a tablon motata, wato allon da ke gaban direba. Bakanikena ya ce tunatarwa ce kawai, lokacin bidanj, wato canjin baƙin mai, ya yi. Ya juye baƙin mai, ya sauya filta, amma fitila ta ƙi mutuwa. Ya danna nan, ya danna can, da ya gaji sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, ya ce, "Alhaji, ga shi ta mutu."

Sai da na iso gida na lura salatif ɗin ya haɗa har da jar fitilar mai, wadda in ta kama dole a tsaya nan take. Kuma jibi zan kai mahaifiyata garin Kuseri, hanyar da ba a fatan lalacewa a cikinta.

Don Allah masana, yaya ake kashe fitilar nan bayan bidanj? Na ɓare salatif, ga ta tana kallona. Shi bakanike yana barcinsa, ni ko na rufe ido ita nake gani.