Wayar da Ta Ƙi Layin Gona

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shirin nan, sannu da aiki. Ni manomin shinkafa ne daga yankin Bunkure, kuma wallahi har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba.

Bayan girbi na shiga Kano na sayi babbar wayar nan da ake yayi. Mai shago ya ce, "Alhaji, kamfanin layi ɗaya ne kaɗai ya kawo ta, da layinsu take zuwa." Na ce ai ba komai. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai faɗa mini ba ta karɓar wani layi ba.

Mu nan kowa ya sani, layin da ke kamawa a gida ba ya kamawa a gona. Shi ya sa muke yawo da layi na biyu a ƙulle cikin leda.

Ran Talata muna ban ruwa, maciji ya sari yayana Habu a bakin magudana. Na ciro waya, babu sabis. Na sa layin gona, wayar ta ƙi karɓa. Na sake, ta ƙi. Yaya Habu yana cewa, "Kira mai babur mana!" Ƙafarsa tana kumbura ina kallo, ga tsadaddiyar waya a hannuna. Goya shi na yi har bakin titi. Allah Ya sa da sauran kwana, yana asibiti a Kura.

Don Allah Malam, a tambayar mana masana, ana iya buɗe irin wannan wayar? Gobe ranar ban ruwanmu ce, ni kaɗai zan koma gonar, kuma macijin nan ba mu kashe shi ba.