Ƙwan da Ke Tafiya Gida a Aljihu

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma manajan kamfani da mataimakansa, likitanmu da ya baro aikinsa ya zo ya zauna da mu, shugabannin ƙungiyar ma'aikata, Inna mai kicin da masu taya ta, iyayena da yayyena na ɗakin wanki, 'yan'uwana na ɗakin guga, masu lodi da direbobi, Baba maigadi da ya ƙi karɓar kujera yana can tsaye a bakin ƙofa, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu cikin ƙoshin lafiya. Ina gode wa shugaba da ya ba ni damar magana, ina kuma gode muku da kuka bar injina da dutsen guga kuka zo. Sababbin cikinku sun san ni da Nas, mai kula da ɗakin shan magani na wannan kamfanin wanki. Tsofaffi kuwa har gobe Auta suke ce mini, domin sun san ni tun ina biyo Yayata nan ina wasa da kumfar sabulu a bakin kwata.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Hukumar kamfani ta kawo shawarar a rufe kicin, a daina dafa mana abincin rana, a maimakonsa a riƙa raba wa kowa man shafawa da sabuwar safar hannu. Hujjarsu ita ce, an yi shekara da shekaru ana dafa ƙwai da kifi da wake, ana raba lemu, da sunan hannuwan ma'aikata za su daina tsagewa, ga shi har yau suna tsagewa. Yau za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan. Ni ban zo in zagi manaja ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma gaskiya ne, hannuwanmu ba su warke ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai abin da ba a hangowa daga tagar ofis. Shi na tashi in faɗa, ko da wasu za su daina gaishe ni.

Magana ta farko, bari mu san da me ake gina fata. Mu nan aikinmu wanke zannuwan gado na asibitoci da otal-otal. Hannunmu yana wuni cikin ruwan zafi, cikin garin sabulu, cikin ruwan bilic mai faranta kaya, masu guga kuma suna wuni cikin tururi. Kullum aikin nan yana kankare fata kamar yadda ruwan sama ke zaizaye katangar ƙasa, kullum kuma jiki yana ƙoƙarin yaɓe wurin da ya zaizaye. To maginin da ba a kawo masa ƙasa ba, da me zai yi yaɓe?

Ƙasar yaɓen nan ita ce abin da likitoci ke kira furotin, kuma tana cikin ƙwai, da kifi, da nama, da wake, da gyaɗa, da madara. Da ita jiki ke tsirar da sabuwar fata. Amma ƙasa ba ta kamawa sai da abin da zai riƙe ta, shi ne bitamin C, wanda ke cikin lemu, da gwaba, da tumatir, da tattasai. Mutumin da ya rasa shi, ƙaramin yanka sai ya daɗe bakinsa a buɗe. Akwai bitamin A, wanda ke taimaka wa fata kada ta bushe ta yi kaushi, ana samun sa a karas, da gwanda, da mangwaro, da ganye irin su alayyafo, da hanta. Akwai maiƙo mai kyau na kifi da gyaɗa da riɗi, wanda ke taimaka wa fata ta riƙe danshinta. Akwai wani sinadari da ake kira zinc, a cikin nama da wake, shi ma ɗan aikin warkar da miki ne. Sannan ga ruwa, wanda 'yan ɗakin guga ke ƙin sha wai don kada su yi ta zaryar bayan gida. Na san da ku nake, ba sai na kama suna ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Nas ta ce abinci ya isa. Ban faɗa ba. Ruwan bilic ba ya jin kunyar wanda ya ci ƙwai, saboda haka safar hannu dole ce, man shafawa ma muna so, miki kuma sai an kawo shi an wanke an sa magani. Amma safa daga waje take tarewa, mai daga waje yake sa laushi, gini kuwa daga ciki ake yin sa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi. Idan duk wannan yana cikin tukunyar Inna, me ya sa hannuwa ba su warke ba? Amsar ita ce ba a cikinmu abincin yake sauka ba. Ranka ya daɗe, manaja, wata rana ka zo ka tsaya a ɗakin cin abinci ka kalli faranti, kada ka kalli fuska. Za ka ga an cinye shinkafa tas, amma ba za ka ga ɓawon ƙwai ko ɗaya a kan tebur ba, ba za ka ga ɓawon lemu a kwandon shara ba. Ƙwai ya shige aljihun riga, lemu ya shige jaka, kifi an naɗe shi a leda tun yana tururi. Duk sun hau mota sun tafi gida wurin yara. Dogo mai lodi ma, da ke sunkuyar da kai yanzu, aljihu biyu ya sa tela ya ƙara masa a cikin rigar aiki, ya ce mana wai na waya ne. Wayar da ake dafawa kenan.

Kuna dariya, ni ma ina yi, amma wallahi abin yana ci mini rai. Kuma ba ni da bakin zargin kowa, domin da wannan ƙwan aka raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, Yayata ce ta ɗauke ni, ga ta can zaune a layin 'yan wanki tana hararata. Duk yamma idan ta dawo, kafin ta cire takalmi nake kai hannu aljihunta. Idan na tambaye ta nata fa, sai ta ce ta ci nata a wurin aiki, biyu ake ba su. Na girma, na yi karatun jinya, na dawo nan na kama aiki, ranar farko na shiga layi da farantina, sai na ga ashe ɗaya ake bayarwa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na ɗauka da na girma abin ya wuce. Ashe bayan ni 'ya'yanta ne suka gaji aljihun, bayan su kuma yanzu jikoki. Ita kuwa har yau shinkafa zalla take ci, ta kora da ruwa, ta koma ta tsoma hannu cikin bilic.

Da izininta nake faɗar abin da zan faɗa, ko da yake izinin da ƙyar na ƙwato shi. Akwai tsaga a tsakanin babban yatsanta da manuni na hannun dama. Tun damina ta buɗe. Na wanke, na sa magani, na ɗaure, likita ya duba, an auna jininta an ga ba ciwon sukari ba ne, amma mikin ya ƙi haɗewa. Likita ya faɗa mata a gabana cewa idan aka zo binciken lafiyar ma'aikata na watan gobe bai rufe ba, ba zai iya sa hannu ta ci gaba da shiga ruwa ba. Kun san ma'anar wannan ga macen da ba ta da wata sana'a sai wanki, kuma gida guda yana kallon hannunta.

Bayan likita ya fita na rufe ƙofa, na roƙe ta, na yi mata faɗa, har na yi kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Auta, ke yanzu sai in zauna in ɓare ƙwai in kai baki, alhali na san akwai wadda ke jira na a bakin ƙofa? Ai ba zai haɗiyu ba."

Na ce, "Yaya, ranar da aka ce ki zauna a gida, wa za ta jira a bakin ƙofar?"

Ta miƙo mini hannu na ɗaure mata, ta tashi ta koma bakin aiki, ƙwan ranar yana aljihunta.

Jama'a, Yayata ba ita kaɗai ba ce. Ni nake ɗaure hannuwan nan, na san su ɗaya bayan ɗaya. Na san hannun da ba ya iya dunƙulewa da safe, na san hannun da ake ɓoyewa a cikin mayafi idan an je suna, na san uban da jaririnsa ke kuka idan ya shafa masa kumatu saboda kaushi. Soyayya ce ta sa kuke yi, ban musa ba, Allah Ya saka muku. Amma soyayyar nan tana cin hannun da ke ciyar da gidan, kuma yau ta kai mu ga za a rufe tukunyar gaba ɗaya. Idan aka rufe, babu ƙwai a cikinki, babu a aljihunki, babu a bakin yaron.

Saboda haka magana ta uku roƙo ce, kuma ba zan janye ta ba. Ina roƙon hukuma kada ta rufe kicin. A ba mu safa da man shafawa a kan abinci, kada a musanya mana ɗaya da ɗaya. A ba mu lokaci mu gwada abincin nan yadda aka nufa da shi, domin maganin da ba a sha ba, ba a ce bai yi aiki ba. Idan muka ci, aka duba hannuwa aka ga babu canji, ni da kaina zan tsaya a nan in ce manaja ya fi ni gaskiya.

Ina roƙon Inna mai kicin, kuma mun riga mun yi magana ta amince, daga gobe a daina ba mu ƙwai da ɓawonsa. A ɓare shi, a raba shi biyu a kan abinci. Lemu a yanka shi, kifi a marmasa shi cikin miya. Duk mai iya zuba wannan a aljihu, to ya cancanci lambar yabo, shi da mai wanke masa riga.

Na san abin da ke zuciyar iyaye, yaran fa? Ban manta da su ba, ni ma yarinyar ce a da. Wake da gyaɗa da ganye da tumatir ba su fi ƙarfin tukunyar kowa ba, kuma suna gina jikin yaro. Duk mai so ya same ni a ɗakin magani mu zauna mu tsara abin da zai riƙa dafawa da ɗan abin da yake da shi. Shugabannin ƙungiya kuma ina roƙon su nemi hukuma ta yarda, abin da ya ragu a tukunya bayan kowa ya ci a riƙa raba wa masu ƙananan yara bi da bi, a fili, ba a ɓoye ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura abu guda. Da kuka shigo zauren nan, Baba maigadi ya miƙa wa kowa dafaffen ƙwai da lemu. Ni na roƙi Inna ta yi haka, kuma da gangan na ce a bar ɓawon. Tun da na hau nan nake duba ƙasa, layi bayan layi, har yanzu ban ga ɓawo ko ɗaya ba. Ranka ya daɗe, manaja, ga hujjata, ba sai ka je ɗakin cin abinci ba.

Shugaba zai ce a ɗaga hannu nan gaba kaɗan. Kafin nan ina roƙon kowa ya sa hannu a aljihu ya fito da abin da ya ɓoye, ya fasa shi a nan, manaja yana gani, likita yana gani. Wannan ce ƙuri'armu ta gaskiya.

Yaya, ke zan fara da ke. Na san hannunki na dama ba zai iya ɓarewa ba, ga nawa na ɓare tun ɗazu, zan sauko in kawo miki. Kin ce mini biyu ake ba ku. To yau biyu ne, na aljihunki ki kai wa jikarki, wannan kuwa ba zan koma kujerata ba sai kin cinye shi a gabana.

Allah Ya warkar da kowane hannu da ke cikin zauren nan. Allah Ya sa albarka a tukunyar Inna da tukwanen gidajenmu, Ya raya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya bar mu da iyayenmu da yayyenmu cikin lafiya, Ya mai da kowa gidansa lami lafiya.

Shugaba, a yi mini afuwa, zan sauka, akwai mai jira na. Na gode.