Man Shanun da Nake Zuba wa Maigidana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Binta, daga Daudawa.

Shekara ashirin ina zuba wa maigidana man shanu har ya yi iyo a kan miya, kitsen nama kuma nasa ne. A wajenmu haka ake girmama miji. Da ya ajiye tumbi, dangi suka ce na iya kiwo.

Yana da shekara hamsin ƙirjinsa ya fara ciwo. Aka gwada jininsa a asibiti, likita ya ce kitse ya yi yawa, yana iya toshe jijiyoyin zuciya, a rage maiƙo. Na rage kwana uku. Sai ya ture kwanon ya ce, "Binta, talaucewa na yi?" Kunya ta kama ni, na koma zubawa.

Ana girbin masara ya faɗi a gona. Kafin babur ya kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Malam, ku ba ni shawara. Ƙaninsa ma ya fara dafe ƙirji, matarsa kuma tana zuba masa yadda na koya mata. Da wane baki zan ce ta bari?